Daminar da Aka Tsare Garba a Gungu

Marka ta zauna mana a Yelwa bana. Sama ba ta buɗe ba tun farkon mako, bangon ɗakina ya jiƙe har ya fara wari, ashana ta ƙi kamawa, rediyo kuma ta soma maganar amai da gudawa a garuruwan bakin ruwa. Jiya Nafisa, ɗiyar ƙanena da take karatun aikin jinya, ta zauna kusa da ni ta miƙo mini wayarta. Taswira ce a ciki, an ja kogi da shuɗi, an ɗiga jajayen ɗigo a gefensa. Ta ce tun shekarar korona haka ake yi, ana bin sawun ciwo daga inda ya taso zuwa inda ya sauka, kowa yana gani a tafin hannunsa.

"Gwaggo, kin ga nan? Nan ya fara. Daga nan sai ya tsallaka nan."

Na ce mata na gani. Abin da ban ce ba shi ne, tun ubanta bai yi wayo ba na ga irin wannan zanen, a kan jiƙaƙƙen yashi, da sanda da ƙwanson kawa, kuma mijina aka nuna da shi.

Lokacin ina amarya a tungarmu, wani ɗan ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, tsakanin Yelwa da Wara. Ko lallen hannuna bai gama fita ba. Mijina Garba yana da jirgin ruwa mai inji, shi yake kwasar mutane da kaya daga tunga zuwa tunga ranakun kasuwa. Dogo ne, baƙi, yana da wushirya, idan ya yi dariya sai in ji kamar rana ce ta fito a cikin ƙirjina. Ban taɓa kiran sunansa ba. Mai jirgi nake ce masa, shi kuma ya ce mini Amarya. Bai yi boko ba, ni na yi firamare, don haka duk zuwansa Yelwa sai ya sayo mini ɗan littafin soyayya, ya naɗe shi a leda ya cusa cikin riga don kada ruwa ya taɓa. Da la'asar yana gyaran koma ina karanta masa. Idan aka zo wurin da saurayi ya fito daga mota yana ƙamshi, sai ya tsayar da ni.

"Dakata. Wanga saurayi ya iya iyo?"

"Ba a faɗa ba."

"To mi ya iya? Ci gaba, Allah ya sa yarinyar ta yi hankali."

Tare muke zaune da mahaifiyarsa, Inna. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta ambaton sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda ya zauna. Idan zancensa ya kama sai ta ce "shi wancan". Idan ya dawo daga tafiya ta juya baya ta kama tsince rama, amma na lura ba ta taɓa barin ƙofar gida ba sai ta ji ƙarar injinsa ta mutu a bakin ruwa.

Daminar ta zo da ƙarfi. Ruwa ya hau ya shanye shinkafar fadama tun tana kore. Gero bai nuna ba, rumbu kuwa idan ka leƙa sai ka ga ƙasansa. Tafki ya yi ja ya yi kauri, kifi ya shige ciyawa, mutum ya wuni a ruwa ya dawo da abin da ba zai rufe gindin ƙwarya ba. Da asuba nake fara faɗa da ɗanyen itace, in yi ta hurawa hayaƙi yana cin idona. In wuta ta kama in ɗora kunu mai ruwa-ruwa. Da hantsi mu mata mu gangara mashaya, a nan muke wanki, a nan muke wanke yara, a nan muke ɗibar na sha, mu sa shi a randa ya kwanta. Da rana tafasa ce da ɗan ƙuli. Da maraice tuwo idan an samu, idan ba a samu ba a ƙara wa miya ruwa. Cikin mutum yana kuka har ya ji kunyar zama kusa da wani.

A cikin wannan hali Malam Tanko, mai sayen busasshen kifi, ya dawo daga kasuwa a jirgin Garba yana amai. Kafin su iso ya ɓata shimfiɗar jirgin. Garba ya saɓo shi a kafaɗa har gida. Abin da yake fita daga jikinsa kamar ruwan da aka wanke shinkafa, idonsa ya faɗa, fatar yatsunsa ta yamutse. Washegari aka kai shi makwancinsa.

Mu a wurinmu idan an yi mutuwa, ranar uku ana yin gumba. Matan gidan da maƙwabta su taru, a surfa gero, a wanke, a daka shi ɗanye da sukari da kayan ƙamshi, a yayyafa ruwa, a mulmula da hannu. Ba ta ganin wuta. A raba wa mutanen gari, a ƙulla ta 'yan'uwan da ke nesa a aika musu, don mamaci ya samu lada har inda danginsa suka kai. Duk talaucin gida ba a fasawa, ko geron iri ne sai a fito da shi. Garba kuwa ba ya karɓar kuɗin masu zuwa gaisuwa, ba ya karɓar kuɗin ƙullin sadaka. Yana cewa ladan ya ishe shi.

Bayan Malam Tanko sai matarsa. Sai jikarsa. Sai muka ji abin ya ɓulla a tungar masu albasa, sai a ta hayin rafi, sai a wadda take kusa da Wara. 'Yan kasuwa suka daina sayen kifinmu, wanda muka yi wa banda ya yi hunhuna a kwando. Wani lokaci ana cikin jana'izar wani sai a ji kuka ya tashi a bayan masallaci. Abin da ba na son tunawa shi ne, a wannan lokacin gumbar sadaka ce kaɗai abin daɗin da yake shiga bakin mutane. Yara har tambaya suke yi yaushe ne ukun wane.

Wata safiya Sarkin Ruwa, shugaban masuntanmu, ya tara maza a bakin ruwa. Mu mata muna mashaya, muna ji muna gani. Dattijo ne mai hankali, ba mugu ba. Ya ja dogon layi a yashi da sandarsa, ya ce wannan shi ne ruwa. Ya ɗauko ƙwanson kawa ya ajiye ɗaya, ya ce nan ne mu. Ya ajiye wani, tungar masu albasa. Wani, ta hayin rafi. Haka ya jera su yadda ciwon ya bi, kowa yana gyaɗa kai, don kowa yana da wanda ya rasa a ɗaya daga cikinsu. Sai ya ɗora bakin sanda a kan na farko ya ja ta a hankali ta ratsa su duka.

"Jama'a, wace hanya ce wagga?"

Kowa ya gane. Ko ni da nake riƙe da tulu na gane ta. Hanyar jirgin mijina ce, tasha bayan tasha.

"Garba," in ji Sarkin Ruwa, "ba mu ce ka yi da gangan ba. Amma inda kat tsaya, nan abin ga ka sauka. Ko jikinka yake, ko jirginka. Ka yi haƙuri ka koma gungu har Allah ya kawo sauƙi."

"Ranka ya daɗe, ni lahiyata lau."

"Mun gani. Shi ne abin tsoron."

Garba ya daɗe yana kallon zanen. Na so ya yi gardama, na so ya tattake ƙwanson nan da ƙafa kamar yadda jaruman littafi suke yi. Bai yi ba. Ya ce idan shi ne, to gara a nisanta shi. Aka cire injin jirginsa aka kai gidan Sarkin Ruwa, ya ɗauki tabarma da tukunya da buta, ya tura jirgin da gora zuwa gungu, wani ɗan tsibirin ciyawa da ake hangowa daga tunga. Na bi shi har ruwa ya kai mini gwiwa, wata tsohuwa ta janyo ni. Inna tana ƙofar gida, ta ba ruwa baya, tana tsince ramar da ta riga ta tsince.

Tsakanin tunga da gungu akwai wani busasshen icce a tsaye cikin ruwa, cikin waɗanda tafki ya cinye lokacin da aka datse kogi. A nan aka yarda in riƙa rataya masa abinci. Kullum da hantsi in shiga ƙaramin kwalekwale in tuƙa, in rataya ƙwarya a reshe, in ja baya. Sai shi ya taso ya ɗauka. Muna iya ganin juna, amma sai da ɗaga murya.

"Amarya! Mi kinka kawo yau?"

"Naman kaza da shinkafa!"

"Kai! Kazar nan kullum koriya ce, kamar tafasa!"

"Ka rame, Mai jirgi."

"Sauro na gungu ya fi ki sona. Ba ya barina ko kaɗan. Yarinyar littafin nan fa, ta auri mai motar?"

"Ban ƙarasa ba. Sai ka dawo."

Ina dariya har in juya kwalekwale, daga nan sai hawaye. Da rana nakan zauna a bayan ɗaki ina kallon gungu ta cikin yayyafi, ina tsara yadda ranar dawowarsa za ta kasance, zanen da zan ɗaura, turaren da zan sa, abin da zan ce masa. Na tsara ta sau da yawa har na haddace.

Amma jirgi yana ɗaure, ciwo bai tsaya ba. Mutane suka ce ai ya riga ya shuka shi ne. Waɗansu matan suka daina amsa gaisuwata a mashaya, idan na ɗebi ruwa a wuri sai su matsa gaba.

Yau a Yelwa famfo nake buɗewa, idan na yi shakka in aika a sayo ruwan leda. Idan jikana ya yi gudawa sau biyu, kafin in ɗaura gyale ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa. A wancan lokacin asibiti yana bayan tafiyar ruwa mai tsawo, jirgin da zai kai ka kuma shi ne aka cire wa inji.

Ranar da ba na mantawa, an yi ukun wata maƙwabciyarmu. Aka kawo wa Inna nata rabon gumba, dunƙule biyu farare masu ƙamshin citta. Ni nawa na ba yaran ƙanwar mijina. Ina haɗa ƙwarya sai ga Inna ta matso, ta ajiye ɗan ƙulli a gefena, idonta yana wani wuri.

"Ki sa ma shi wancan. Ni haƙorana ba su son zaƙi."

Na san ƙarya ce. Tun jiya ba ta sa komai a ciki ba sai ruwan kunu. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yau zai san uwarsa tana tuna shi. Na rataya ƙwaryar, na ɗaga murya na ce masa akwai saƙon Inna a ciki. Ya taso ya ɗauki ƙwaryar, sannan ya ce in gaishe ta.

Ina dawowa na tarar da baƙi. Wata malamar asibiti ce aka turo da mutanenta, sun zo ta tudu da ƙafa saboda laka ta riƙe motarsu. Ta tara mu maza da mata a ƙarƙashin rumfar banda. Sarkin Ruwa ya sake zana mata ruwa a ƙasa, ya jera ƙwansonsa, ya gaya mata matakin da aka ɗauka. Ta durƙusa ta duba da kyau, ta ce zanen ya yi daidai da abin da suka gani. Sai ta ɗauki tsakuwa ta ajiye ta can nesa da layin ruwa.

"Baba, wannan wani ƙauye ne a kan tudu, wajen Shanga. Daga can muke. Su ma abin ya shiga. Jirgi yana zuwa can?"

"Ko kwalekwale ba ya zuwa."

"To me ya tashi daga nan ya je can?"

Sai wata mata a bayana ta ce ai ƙanwar marigayi Tanko can take aure, ta zo gaisuwa, ta koma da ƙullin gumba ta raba wa gidansu. Malamar ta juyo gare mu mata. Ta tambayi su wa suke daka gumbar. Muka ce matan gidan mutuwa. Su wa suke wanke kayan mara lafiya? Su ne. A ina? A mashaya. Ruwan yayyafawa fa? Na mashaya. Ana dafawa? Ba a dafawa. Ta nuna ƙwanson ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko an aika sadaka nan, ko an aika nan, muna cewa an aika, muryarmu tana ƙara yin ƙasa.

"Ba mai jirgin ba ne," in ji ta. "Abin da yake ɗauka ne."

Ban ji sauran ba. Na san na ture wata, na san gyalena ya faɗi ban tsaya ba. Malamar ta biyo ni da gudu har bakin ruwa, da ta ji abin da ya faru ta cusa mini ƙullin sukari da gishiri, tana gaya mini yadda zan haɗa da tafasasshen ruwa, tana cewa da ya fara in kawo shi. Na tuƙa kamar hannuwan ba nawa ba. Tun daga wurin iccen nake ihu.

"Mai jirgi! Kada ka ci! Kada ka ci!"

Ya fito daga bukkar ciyawar da ya yi, yana ɗaga mini hannu in koma. Ban koma ba. Na faɗa ruwa na ƙarasa da ƙafa, na riƙe rigarsa, karo na farko tun da aka raba mu.

"Ina gumbar?"

"Amarya, kin haukace? Za su hana ki komawa."

"Ina gumbar Inna?"

Ya yi murmushi, irin na yaron da aka yi wa kyauta.

"Na cinye. Har tsumman na lashe. Tun ina yaro ba ta taɓa ba ni abu da hannunta ba."

Na gaya masa komai. Ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Ashe ba ni ba ne." Ya faɗa ya sake faɗa. Wannan ya fi damunsa da abin da ya ci. Na ce mu tafi yanzu, amma kafin mu haɗa kaya gabas ta yi baƙi, iska ta taso, tafki ya tashi tsaye. Babu kwalekwalen da zai ratsa wannan, babban jirgi kuma babu inji. Muka zauna a bukka ruwa yana zuba ta ko'ina. Na ce wataƙila Allah zai tsare, ai ba duk wanda ya ci ba ne yake kamuwa. Ya ce haka ne. Ya tambaye ni ko na zo da littafin.

Washegari da hantsi ya fara. Iska ba ta kwanta ba. Itacensa duk ya jiƙe, na fasa katakon zama na jirgi na hura wuta da shi, ina kare ta da jikina. In tafasa, in haɗa, in jira ya huce, in ba shi, ya dawo da shi. In sake. Ƙafafunsa suna ɗaurewa yana cije leɓe, ina murzawa. Muryarsa ta shige ciki. Wannan mutum da yake saɓa buhun albasa shi kaɗai, na ɗaga kansa da hannu ɗaya. Na hau kan jirgi ina kaɗa zane ina kiran tunga, ina hango mutane sun taru a bakin ruwa sun ɗauko injin, amma babu jirgin da za su ɗaura shi a kai. Wasu samari suka gwada da kwalekwale, igiyar ruwa ta mayar da su. Sukari ya ƙare. Na ci gaba da ba shi ruwan da gishiri kaɗai, ina roƙon Allah da duk addu'ar da na iya, har da waɗanda ban iya ba.

Sai da gari ya sake wayewa iska ta faɗi. Na ja shi a kan tabarma har cikin kwalekwale, na ɗora kansa a kan ƙafata, na kama tuƙi. Tafki ya kwanta lumui kamar bai taɓa yin komai ba. Ina ta yi masa magana, ina cewa ga tunga can, ga malamar can da farar riga, za ta sa maka ruwa a jijiya, ga Sarkin Ruwa da kansa ya shigo ruwa yana jiranka. Ya buɗe ido ya motsa baki, na sunkuya. Kalmar shahada yake yi. Na taya shi. Ban daina tuƙi ba, ko da na ji nauyin kansa ya sake a kan ƙafata.

Maza suka shigo ruwa har ƙirji suka tare mu. Sarkin Ruwa ya riƙe bakin kwalekwalen yana kuka kamar ƙaramin yaro. Malamar ta taɓa wuyansa, ta ɗago ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Ba a yi masa gumba ba. Shi ne mamaci na farko a tungarmu da aka yi ukunsa da addu'a kawai. Wasu daga cikin waɗanda suka ci ta maƙwabciyarmu sun kwanta, yaran ƙanwarsa ma sun kwanta, amma malamar tana nan, ta sa musu ruwa suka tashi. Aka raba wurin wanki da wurin ɗiba, aka koma tafasa na sha, ciwon ya ja baya a hankali, gero ya nuna.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari. Ta karɓi gaisuwa, ta yi godiya, ta share tsakar gida. Ba ta tambaye ni komai ba. Ina cikin takaba, wata la'asar ana yayyafi, ta kawo mini kunu mai zafi, ta ajiye, amma ba ta fita ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba ni baya. Na ga kafaɗunta sun zama kamar na yarinya.

"Ke ɗiyar nan."

"Na'am, Inna."

"Abin nan da na ƙulla miki ran nan." Ta kai hannu ta kama dokin ƙofa. "Shi wancan, ya ci?"

Na dubi bayanta, na dubi hannunta da ya kama dokin ƙofa.

"Bai ci ba, Inna. A ƙulle na iske shi, na zubar a ruwa. Ruwan gungu ne ya kama shi."

Hannun ya saki ƙofar a hankali. Ta daɗe tana kallon yayyafi.

"To," ta ce. "Ashe da yunwa yat tahi."